Koren wake a gefen naman Sallah: me ke sa ya koɗe ya caɓe, kuma mene ne maganinsa?

Tambaya: Anti, barka da war haka. Wannan ce Babbar Sallata ta farko a gidan aure, kuma dangin maigida kusan mutum 20 za su zo cin abinci washegarin Sallah. Ina so in yi koren wake shi kaɗai a gefen shinkafa da nama, ba a cikin soyayyiyar shinkafa ba. Sau biyu ina gwadawa yana caɓewa, launinsa ya koma kamar kakin soja. Maƙwabciyata ta ce in jefa 'yar kanwa. Shi kuma maigida yana ta ba ni labarin wani da ya ci a Amurka, wanda aka gasa da madara da soyayyiyar albasa. Wanne zan yi?

Amsa: Ƙanwata, Allah ya sanya albarka a auren, ya nuna mana Sallar lafiya. Na ji daɗin tambayar nan, don a teburin Babbar Sallah komai nama ne da mai da shinkafa, kuma baƙo yakan yi murna idan ya ga wani abu kore da zai wanke masa baki. Tun kafin in yi nisa bari in ce miki ki ajiye kanwar, zan faɗa miki dalili.

Abin da shekarun girkin biki suka koya mini game da koren wake shi ne wuri biyu yake da daɗi. Ko dai a dafa shi minti 4 zuwa 5 a sauke yana kore shar, ko kuma a bar shi kan wuta kaɗan kusan awa guda cikin tumatir da albasa har ya yi luguf ya sha miya. Tsakanin waɗannan biyun, wato minti 10 zuwa 20 a rufaffiyar tukunya, nan ne yake lalacewa: kyan launin ya tafi, ƙaras-ƙaras ɗin ya tafi, ɗanɗanon miya kuma bai shige shi ba. Ina kyautata zaton a nan naki ya tsaya duka sau biyun.

Akwai abin da ke jefa mu cikin wannan kuskure, wato sunan. Da mun ji an ce wake sai hannu ya nufi irin dahuwar da muka saba yi wa farin wake, a rufe tukunya a tafi wani aiki. Alhali ba tsiro ɗaya ba ne. Wakenmu na ƙosai da alale ɗan asalin Afirka ne, shi kuwa wannan da 'yan kasuwa ke kira girin bins asalinsa yankin Meksiko ne da tsaunukan Kudancin Amurka, daga can Turawan Sifen da Fotugal suka yaɗa shi bayan shekarar 1492. Abin da muke ci a jikinsa kwasfar ce tun tana ɗanya, kafin 'ya'yan su ƙosa. Saboda haka a tukunya ya fi kusa da alayyafo da kabeji fiye da waken da kika sani. Ba ya son zafi ko a gona, yakan zubar da fure idan rana ta tsananta, shi ya sa mafi yawan wanda muke gani a kasuwa daga Jos yake zuwa, inda tudu ya kai wajen mita 1,200 kuma iska ke da sanyi. Wanda kika tarar a 'Yankaba a Kano sau da yawa ya kwana a mota daga kasuwar Farin Gada.

To, a kasuwa rabin aikin yake. Ki ɗauki guda ɗaya ki karya shi. Idan ya ce ƙas ya rabe biyu, har kika ga ɗan ruwa a bakin karayar, sabo ne. Idan ya lanƙwashe kamar igiya, ya yi yaushi, kuma babu dabarar da za ta dawo da shi yadda yake. Ki nemi sirara, waɗanda kaurinsu bai wuce na fensir ba. Duk wanda kika ga 'ya'yan sun turo sun yi ƙulu-ƙulu a jikin kwasfar ya tsufa, zai yi miki zare a baki. Ki zauna ki tsince da kanki ko da mai kayan zai ɗan ƙosa, kuma ki yi ƙoƙari kaurinsu ya zo ɗaya, don siriri da mai kauri ba sa nuna lokaci ɗaya. Na mutum 20, kilo biyu da rabi ya wadatar, tunda akwai sauran abinci, kuma wajen kashi ɗaya cikin goma zai tafi a gyara.

Tunda baƙinki washegarin Sallah ne, ki saya ranar jajibere da sassafe. Kada ki wanke shi sai za ki yi aiki da shi, danshi ne ke sa shi tabo. Ki sa a leda mai 'yan huji ki ajiye a aljihun ƙasa na firij, nesa da bangon da ke yin ƙanƙara, don sanyin da ya yi ƙasa da digiri 5 yana fito masa da ɗigo-ɗigo kamar tsatsa. In babu firij, ki naɗe shi a tsumma mai ɗan laima ki ajiye a gindin randa, zai kai kwana biyu.

Gyaransa ba wuya. Ki jera kamar guda goma ki datse kan da ke da tsinke da wuƙa lokaci ɗaya, wutsiyar kuwa ana cin ta, ni barin ta nake yi. Irin na da yana da zare a gefe da sai an ja an cire, amma tun da wani manomi a jihar New York mai suna Calvin Keeney ya fitar da iri marar zare, wanda ya shiga kasuwa a 1894, yawancin na yanzu ba su da shi. Duk da haka ki gwada ɗaya, in kin ga zare ki bi sauran ki cire. Kuma kada ki yi masa yankan soyayyiyar shinkafa ƙanana-ƙanana. Ki bar shi da tsawonsa, ko ki raba biyu. Yawan yanka yana buɗe wa ruwa ƙofa ya shiga ya wanke ɗanɗanon.

Yanzu ga dalilin kakin sojan, kuma ina so ki fahimce shi sosai, don idan kin gane shi ba za ki sake buƙatar kowa ya tsaya miki a ka ba. Sinadarin da ke ba ganye launin kore, wanda masana ke kira kulorofil, yana riƙe da ƙwayar wani sinadari mai suna maganiziyam a tsakiyarsa. Shi kansa waken yana da ɗan tsami a cikin jikinsa da ke killace. Da zafi ya fara fasa jikin, sai tsamin ya fito ya tumɓuke maganiziyam ɗin, launin ya juye daga kore shar zuwa wannan koɗaɗɗen da kika gani. Wannan juyi yana kankama ne daga wajen minti 6 zuwa 7 a tafasasshen ruwa. Idan kin lura, a minti na farko waken har ƙara kyau yake yi fiye da yana ɗanye, saboda iskar da ke tsakanin jikinsa ta fice. Aikinki duka shi ne ki sa ya nuna kafin tsamin ya gama ɓarnarsa, sannan ki tsayar da dahuwar nan take.

Daga nan za ki ga maƙwabciyarki ba ƙarya ta yi ba. Kanwa kishiyar tsami ce, tana kashe shi, kuma lallai waken zai fito kore. Sai dai kanwar da ke narkar da kuɓewa ta ƙara mata yauƙi, ta sa busasshen wake ya nuna da wuri, ita ce dai za ta narkar da jikin koren wakenki ya yi santsi a waje ya caɓe a ciki. Tana kuma lalata bitamin C da B1, ta bar ɗan ɗanɗano kamar na sabulu. Kin gyara launi kin ƙara ɗaya matsalar. Haka bekin soda da wasu ke sakawa, hukuncinsu ɗaya.

Ga yadda nake yi. Ki ɗora babbar tukunyarki da ruwa lita 5, ki zuba gishiri babban cokali 3 a shafe. Zai yi miki kamar ya yi yawa, amma kaɗan ne ke shiga waken, kuma gishirin yana taimaka masa ya yi laushi da wuri. Ki bari ruwan ya tafasa sosai yana tsalle. Sai ki zuba rabin kilo kawai, kada ki juye duka. Idan kin juye kilo biyu da rabi lokaci ɗaya ruwan zai mutu, kafin ya sake tafasa waken ya jiƙa a ruwan ɗumi minti goma, an koma gidan jiya. Yawan ruwan yana riƙe zafi, yana kuma tsinka tsamin da ke fitowa. Ki bar tukunyar a buɗe idonki na kai, ki duba agogo daga lokacin da kika zuba. A minti 3 ki ciro ɗaya ki ciza. Abin da kike nema shi ne gafin ɗanye ya fita, ya daina ƙara a haƙori kamar roba, amma da sauran ɗan ƙarfinsa. Sirara sukan kai a minti 3 zuwa 4, masu kauri 5 zuwa 6. Kada kuma ki ce za ki bar shi ɗanye-ɗanye don neman launi, ɗanyen koren wake yana da wani sinadari da ke ɓata ciki idan an ci da yawa, dahuwa ce ke kashe shi. Ki kwashe da matsami, ki bar ruwan ya sake tafasa, ki zuba kashi na gaba. Kashi biyar zai ci miki kamar rabin awa. In a kan gawayi ne, ki tabbata ya ruru sosai kuma ki rage yawan abin da kike zubawa.

Wanda kika kwashe kai tsaye zai faɗa cikin ruwan sanyi da kika riga kika tanada a babbar roba. Nan ne mutane da yawa ke sakaci, su tsane shi a kwando su bar shi a tare, zafin jikinsa ya ci gaba da dafa shi. Ki sayi ƙanƙara tun da wuri, ko daskararren fiya wata leda biyar zuwa shida ki jefa a ruwan. In ba a samu ba, ruwan randa ma yana yi, sai dai ki canza shi sau biyu. Da ya huce har ciki, minti 2 ko 3, ki tsame shi, kada ya daɗe a ruwa ya salance. Ki baza shi a kan tsabtataccen tawul a tire ya bushe sarai. Jiƙaƙƙen wake idan ya shiga mai ba ya soyuwa, turara yake yi, man kuma ba ya kama jikinsa.

Duk wannan za ki iya yin sa daren Sallah idan kina da tabbacin firij zai kwana da sanyi, ki zuba a roba mai murfi da tawul ɗin takarda a ƙasa. In wutar unguwarku ba ta da tabbas, ki tsaya a gyarawa kawai da daddare, tafasawar ki bar ta sai da safe. Dafaffen kayan lambu bai kamata ya wuce awa biyu a waje ba, a irin zafinmu ma awa ɗaya ya fi aminci.

Abin da ya rage aikin minti 5 ne, kuma za ki yi shi ne bayan baƙi sun iso, an kai musu ruwa, an fara jera shinkafa. Ki ɗora faffaɗan kasko a wuta mai ƙarfi. Ga kowane kilo ɗaya, babban cokali 3 na soyayyen man shanu, ko rabi man shanu rabi man gyaɗa. Ki razana albasa ɗaya da kika yanka siri-siri har ta fara ja a gefe, ki zuba tafarnuwa ƙwaya 5 da ɗan ɗanyar citta da attaruhu ɗaya, ki juya kamar rabin minti, da ƙamshi ya tashi ki zuba waken. Ki yi ta juyawa minti 2 zuwa 3 har ya ɗauki zafi, ya yi ƙyalli. Ki ɗanɗana kafin ki ƙara gishiri, don ya riga ya sha a tukunya. Ki barbaɗa masoro kaɗan. Magi in za ki sa, rabin ƙwaya ya isa, ni kam ba na sakawa a wannan, don naman da ke gefensa ya ɗauke wannan nauyin. Kaskon gida ba zai ɗauki kilo biyu da rabi ba, ki yi shi sau uku.

A Faransa soyayyen almon, wani ɗan itace mai kama da gyaɗa, suke watsawa a kai. Mu muna da abin da ya fi dacewa da bakinmu, soyayyiyar gyaɗa da aka murje aka ɗan daka ta sama-sama, kamar rabin kofi, ko riɗi da aka gasa a busasshen kasko. Yajin ƙuli na tsire ma yana tafiya da shi ƙwarai, ƙaramin cokali 2 a barbaɗa bayan an sauke. Lemon tsami yana tashin ɗanɗanon, amma ki tuna da maganar tsami: idan kin matsa shi a kasko, kafin a gama gaisawa launin ya fara juyawa. Ki yanka shi gida huɗu ki jera a gefen faranti kowa ya matsa a nasa.

Za a ba ki shawara ki yi amfani da man da aka soya naman layya, kuma gaskiya yana da ƙamshi. Sai dai kitsen rago yana daskarewa da wuri, da abincin ya ɗan huce za ki ga fari-fari a jikin waken, yana kuma kama ganɗa. In kina son ƙamshin, cokali ɗaya a cikin man gyaɗa ya isa.

Sai maganar kula, wadda ita ce ta taɓa ba ni kunya a wata walima da na yi wa girki. Na soya wake ya fito yadda ake so, aka zuba a manyan kuloli aka rufe, aka yi jinkirin awa biyu kafin a ci. Da aka buɗe, abin da kika kwatanta a tambayarki shi na gani, kuma raina ya ɓaci sosai don mutane sun ba ni amana. Kula tana tsare zafi da tururi, wato dahuwa ce ke ci gaba a hankali. Tun daga ranar a buɗaɗɗen faranti nake fitar da shi. Ko ya huce ya zama ɗumi-ɗumi daɗinsa na nan, ya fi a rufe shi.

Amma na san Sallah, dole akwai kwanon da za a aika gidan surukai da maƙwabta, kuma maza ba lokaci ɗaya suke shigowa ba. Domin wannan ne nake son ki san hanya ta biyu, irin dahuwar mutanen Labanan da suke kira lubiya bi zait, wato wake da mai. Idan kin taɓa cin abincin Kwarori a Kano ƙila kin gamu da shi. Ga kilo ɗaya na ɗanyen wake, ki soya manyan albasa 2 a rabin kofi na mai, su da man zaitun suke yi amma man gyaɗa mai kyau yana yi, har albasar ta yi laushi. Ki zuba tafarnuwa dunƙule guda da kika ɓare, ki zuba waken ki juya minti 5, sannan nunannen tumatir 6 da kika yanka ko kika jajjaga, gishiri, masoro, da tattasai ɗaya in kina so. Ki rufe, ki rage wuta sosai, ki bar shi minti 45 zuwa awa ɗaya, kina leƙawa kina ƙara ɗan ruwa idan zai kama. A nan an haƙura da kore tun farko, jan tumatir ne ke rufe shi. Tsamin da ke ɓata launi kuma a nan amfani yake yi, yana hana waken narkewa, sai ya yi laushi ya sha miya amma yana nan da siffarsa. Wannan yana jure kula, yana jure ɗumame, kuma wanda ya kwana a firij ya fi na ranar daɗi. Ko waken da kika samu ya ɗan ƙosa, wannan dahuwar tana rufa masa asiri.

Na maigida kuwa na gane shi. Abincin bikin godiya ne da Amurkawa ke yi ranar Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba. Wata ma'aikaciyar ɗakin gwajin girki na kamfanin Campbell mai suna Dorcas Reilly ce ta haɗa shi a 1955 a garin Camden na jihar New Jersey, da kaya shida: koren wake, miyar gwangwani ta kirim da naman kaza (wato laimar kwaɗin da ake nomawa don ci, ba kaza ba), madara, soya sos (ruwan ɗanɗano na waken soya), masoro da soyayyiyar albasa. Kina iya yin sa ba da gwangwanin ba. Ki narka bota cokali 3, ki soya fulawa cokali 3 a ciki minti ɗaya, ki zuba madara kofi ɗaya da romon kaza kofi ɗaya kina juyawa har ya yi kauri, ki haɗa da kilo ɗaya na waken da kika tafasa, ki gasa a oben a digiri 175 minti 25, ki watsa soyayyiyar albasa a kai ki mayar minti 5. In za ki sa naman kaza, na kanti kawai za ki saya, kada ki kusanci wanda ya tsiro a bayan gida da damina. Ra'ayina dai shi ne ki ɗaga wannan zuwa wani lokaci. Abinci ne na sanyin ƙasarsu, kuma a gefen talotalo suke cin sa, wanda namansa ba shi da maiƙo. A gefen soyayyen rago, cikin zafin nan, nauyi ne kan nauyi, ga madara ba ta son jira a waje. Ki yi masa shi ku biyu wata Juma'a da hunturu, zai fi jin daɗinsa.

Da ni ce ke, kilo ɗaya da rabi zan yi na kasko da man shanu da gyaɗa domin waɗanda za su zauna a ci tare, kilo ɗaya kuma na tumatir tun daren Sallah ko da asuba domin kwanon aike da masu zuwa a makare. Kafin nan, cikin makon nan ki sayi rubu'in kilo ki gwada tafasawar a kan murhun da za ki yi aiki da shi ranar, da tukunyar da za ki ɗora. Ki ciro ɗaya a minti 3, ɗaya a minti 4, ɗaya a 5, ɗaya a 6, ki jefa kowanne a ruwan sanyi, ki jera su a faranti ki ciza ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yi miki, ki rubuta mintinsa a takarda ki manna a bangon kicin.